Baƙi Arba'in da Uku na Marigayi Iro

Ranar Talata da hantsi, ruwan Duwala yana dukan kwanon ofishin ƙungiyar unguwa, Sirajuddeen ya kammala aikin da kawunsa Mahmudu ya sa shi. Aikin ba shi da girma. Shekara guda ke nan da ya gina wa ƙungiyar Hausawan unguwar New Bell rajistar baƙi a intanet, tun sa'ad da samamen jami'an tsaro ya yawaita, ana tare titi da sassafe a kwashe duk wanda ba a san fuskarsa ba. Mutane suna ta sauka daga ƙauyukan kan iyaka na yankin Arewa Mai Nisa, wasu kuma daga Bamenda, inda harbe-harbe ya hana kasuwa ci. Dattawa suka yanke shawara cewa duk baƙon da ya sauka a rubuta sunansa, da garinsu, da sana'arsa, da ranar saukarsa, da sunan mai masaukinsa, wato mutumin da zai tsaya gaban hukuma ya ce, “Baƙona ne, na san shi.” In an kama mutum, Kawu Mahmudu, wanda shi ne sakataren ƙungiya, sai ya buɗe rajistar a wayarsa ya nuna, a saki mutum.

Sunaye sun haura dubu da ɗari biyu, a zube yadda aka shigar da su. Jami'in tsaron da ke kula da unguwar ya gaji da lalube, ya ce ranar Juma'a a ba shi nasa mabuɗin shiga rajistar, kuma a gyara masa shafin yadda zai iya jera mutane da kansa. Abin da Sirajuddeen ya yi ke nan. Rajistar tana da rukuni biyar a tsaye, abin da su masu sana'ar suke kira kolon, kuma a kan kowanne ya ɗora 'yar kibiya. Wanda ya danna ta, sunayen duka su bi tsarin wannan kolon, daga A zuwa ƙasa.

Ya gwada ta a kan suna, ta yi. Ya gwada a kan gari, mutanen Mora suka taru wuri guda, na Kusiri ma haka. Har ya ji wani ɗan daɗi, irin wanda ya daɗe bai ji ba tun da ya dawo daga jami'ar Ngaoundéré da takardar da ba ta samo masa aiki ba. Sannan ya danna kibiyar mai masauki, ya shiga juya shafuka don ya tabbata babu wanda ya ɓace. Wannan yana da baƙi biyu, wancan huɗu, wani Alhaji yana da bakwai. A shafi na goma sha ɗaya ya tsaya.

Iro. Iro. Iro. Sunan ya cika shafin, ya tsallaka na gaba. Ya ƙirga da yatsa a kan allon, ya sake ƙirgawa. Arba'in da uku.

Iro ɗaya ne a unguwar, mai sayar da albasa a bayan Kasuwar Nkololoun, kuma Sirajuddeen yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa shekara uku da suka wuce. Har yanzu yana tuna nauyinta a kafaɗarsa ta hagu. Ya duba ranakun sauka: babu ko mutum ɗaya da ya iso Duwala Iro yana da rai. Mamaci ya tsaya wa mutum arba'in da uku.

Ya jingina da kujera. Shekara guda sunan yana nan a warwatse cikin dubu, ɗaya a nan, ɗaya can bayan mutum talatin, babu idon da zai haɗa su. Shi ne ya haɗa su, da 'yar kibiyar da ya rubuta cikin rabin awa. Ranar Juma'a jami'in zai danna ta, ya tambayi Iro, a ce masa yana maƙabarta. Daga nan ba za a sake tambayar komai ba. Za a bi mutum arba'in da uku ɗaya bayan ɗaya, daga unguwar Grand Hangar har ta PK 14 can bakin gari, kuma Sirajuddeen ya san yadda dogon bangon gidan yarin New Bell yake haɗiye mutumin da ba shi da mai tsaya masa.

Amma wani tunani ya fi wannan damunsa. Mutum ɗaya ne yake shigar da sunaye, Kawu Mahmudu. Me zai sa mutum ya ɓoye baƙi a bayan mamaci, in ba don ya san mamaci ba ya amsa tambaya ba? Su wane ne waɗannan mutanen?

Yana cikin wannan sai ga Kawun ya hau bene yana kakkaɓe laima, ƙafar wandonsa a naɗe har ƙwauri.

“Injiniya, an gama? Ko har yanzu kana zaune kana kallon ta kamar sabuwar amarya?”

“An gama, Kawu.” Sirajuddeen ya mayar da shafin kan tsarin suna kafin Kawun ya zagayo. “Ina so in tambaye ka. Mai masauki, dole ne ya zo da kansa kafin ka rubuta shi?”

“Wanda na sani ba sai ya zo ba. Wa ban sani ba a New Bell?”

“In ya yi tafiya fa? Tafiya mai nisa?”

Kawu Mahmudu ya daina kakkaɓe laimar. Ya dubi allon, ya dubi ɗan 'yar'uwarsa, sannan ya ciro goro daga aljihu ya tsaya yana duba shi kamar yana neman tsutsa.

“Wannan kibiyar taka,” ya ce, “dole ne kowane kolon ya samu? Na mai masauki ka bar shi haka. Mutumin sunaye yake nema.”

“Kolon biyar, Kawu. Huɗu da kibiya, ɗaya babu. In ni ne shi, a nan zan fara tambaya.”

“Kai dai boko ya sa maka zargi a jini,” in ji Kawun. Ya ɓare goron, ya ce ana jiransa a masallaci, ya sauka. Ko azahar ba ta yi ba.

Sirajuddeen ya daɗe yana kallon layin da ke kunna kibiyar. Layi ɗaya ne, goge shi ba zai ɗauki numfashi biyu ba. Ya ɗora yatsa, ya janye. In ya goge, ya shiga cikin abin da bai san iyakarsa ba. In ya bari, ya miƙa mutanen da wataƙila ba su yi komai ba. Ya ga cewa bai san abin da yake karewa ba, bai kuma san abin da yake tonawa ba. Ya buga sunayen a takarda biyu, ya ninke su cikin leda, ya fita cikin ruwan.

Gidan Iro yana ƙarshen wani lungu da ruwan kwata ya shanye, ana taka bulo da katako kafin a kai ƙofa. Matarsa, Inna Asibi, tana ƙarƙashin rumfar kwano tana tuƙa tuwo a tukunyar da za ta ishi gidan biki. Ya gaishe ta a tsugune.

“Ɗan Hawa'u ne? Yau kwamfuta ta sake ka? Shigo daga ruwan, ka rame kamar ba a dafa abinci a gidanku.”

Ya zauna a kan benci. Bai gaya mata abin da ya gani ba. Ya ce rajista yake tantancewa, yana so ya karanta mata wasu sunaye ta gaya masa ko ta san su. Yana faɗa yana kallon hannunta, ko muciyar za ta tsaya.

“Karanto.”

“Umar Faruk, daga bayan Mora.”

“Dogo ko mai tabo? In mai tabo ne, ɗan Fatsuma ne, ƙanwar matar wan Iro. Yana dako a Grand Hangar. Bara ya karye a hannu, a ɗakin can ya yi jinya.”

“Ɓoɓɓo.”

“Bafillacen nan mai gadi a Bonapriso. Ubansa ne yake ba Iro masauki a da, in ya je sayen albasa. Ba ya cin kuɓewa, sai in ware masa miyar kuka kamar wani ɗan sarki.”

Haka suka bi takardar. Kowane suna sai ta kawo uwar mutum, da ƙauyensu, da daren da aka ƙone shi in an ƙone, da inda yake kwana yanzu. Wasu ta zage su, ɗaya ta ce ya tafi da bokitinta tun azumi. Muciyar ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Hankalin Sirajuddeen ya fara kwanciya, amma bai saki jiki ba tukuna. Mai ƙarya ma yana iya haddace sunaye.

“Inna, duk waɗannan an rubuta cewa Iro ne mai masaukinsu.”

“To wane ne da?”

“Iro ya rasu, Inna.”

“Ni za ka gaya wa?” Ta ɗaga murfi, tururi ya rufe fuskarta. “Tun kafin a haife ka, mutumin ƙauyukan nan in ya sauka a tasha, abu ɗaya ya sani, gidan Iro. Haka ubansa ya gaya masa. Suna zuwa, ina buɗe ƙofa. Mahmudu ya tambaye su ina suka sauka, su ce gidan Iro. Ƙarya suka yi? Don mutum ya mutu sai a sauya wa ƙofarsa suna?”

Saura suna ɗaya a ƙasan takarda ta biyu.

“Salahuddeen, tela, daga Bamenda.”

A nan muciyar ta tsaya.

“Sake faɗa.”

Ya sake.

“Ban san shi ba. Ba mu da kowa a Bamenda.” Ta goge hannu da zani. “Wa ya sa shi a gidana?”

Ta aika maƙwabciyarta ta kira Kawu Mahmudu, ta ce a gaya masa in bai zo ba ita za ta je masallacin. Ya zo bayan la'asar, ya tsaya a bakin rumfa, ya ga takardun a gwiwar Sirajuddeen, bai tambayi komai ba.

“Mahmudu, ashe haya kake bayarwa da kabarin mijina?”

“Yaya Asibi, ki saurare ni.”

“Ina ji. Arba'in da biyu nawa ne. Na arba'in da ukun fa?”

Kawun ya zauna a kan turmi. Ya ce mutumin Bahaushen Abakwa ne, can tsohon garin Bamenda, an ƙone layin shagunansu, ya iso watan jiya ba shi da kowa. Katin shaidarsa ya nuna haihuwar Bamenda, kuma a wannan zamani wanda katinsa ya nuna haka in an kama shi ba a saurin sakinsa. Shi Kawun ya bi gida shida yana nema masa mai masauki, kowa ya ce yana da iyali. Shi kansa sakatare ne, dokar ƙungiya ta hana shi tsaya wa kowa.

“Sai na ga gidan Iro ya riga ya cika. Na ce ɗaya ba zai ƙara nauyi ba.”

“Ka san shi, Kawu?” in ji Sirajuddeen.

“Na ga yadda yake salla. Na ga yadda yake riƙe almakashi.”

“Ba abin da na tambaya ke nan ba.”

“To ban san shi ba,” Kawun ya ce, muryarsa ta ɗan tashi. “Kai wa ka sani? Sunaye dubu kana juya su sama da ƙasa, ka taɓa ganin fuskar mutum goma a cikinsu?”

Gaskiya ne, kuma Sirajuddeen ya sani. Ya juya ga Inna Asibi ya yi mata bayanin Juma'a dalla-dalla, da kibiyar, da abin da jami'in zai gani. Ya ce hanya ɗaya ce ba ta da ƙarya a ciki: a cire Iro, a rubuta wanda yake buɗe ƙofar da gaske.

“Ba a rubuta mace a mai masauki,” in ji Kawun. “Ba a taɓa yi ba.”

“An taɓa rubuta gawa?” ta ce. “Ina da kati, har da hotona a jiki, ban yi kyau ba amma ni ce.”

“Akwai abu ɗaya, Inna,” Sirajuddeen ya ce. Ya so ya yi shiru, amma ya ga in ya ɓoye mata ya zama irin Kawun. “Iro yana shafi na goma sha ɗaya. Mai gajen haƙuri yana iya gajiya kafin ya kai can. Sunanki da A ya fara. Yana danna kibiyar, ke ce a shafin farko, sau arba'in da biyu. Ke zai fara gani, kuma ke zai riƙe in ɗayansu ya yi wani abu.”

Inna Asibi ta dubi ruwan da ke zuba daga bakin kwano cikin baho.

“Sau arba'in da biyu. Na Bamendan fa?”

“Zai zauna babu mai masauki. Gurbin da babu komai a cikinsa shi yake hawa can sama, gaban kowa. Shi kaɗai a layin farko.”

“Wato abin naka ya san wanda ba shi da kowa, shi yake fara nunawa.” Ta juya ga Kawun. “Iro yana da ƙa'ida. Ba ya tsaya wa mutum sai ya ci abincin gidan nan kwana uku, a gabansa, yana kallon yadda yake sa hannu a kwano. Yau Talata. Je ka kawo shi, tuwo ya nuna. In Alhamis ta yi ban yarda da shi ba, zan faɗa, kuma kai za ka san inda za ka kai shi.”

Aka kawo Salahuddeen kafin magariba, siriri, mai kimanin shekara arba'in, da tef ɗin awo a wuya kamar ya manta da shi. Hausarsa tana gauraye da Turancin Pidgin. Sirajuddeen ya zo duk kwana ukun, ya ce gyaran rajista ne ya kawo shi, amma kallon mutumin yake yi. Ya lura ba ya zama da baya ga ƙofa. Ya lura in babur ya yi ƙara a lungu sai lomar ta tsaya a hannunsa. Wanda ya gudo daga harbi haka yake yi, wanda ya yi harbin ma haka yake yi, kuma Sirajuddeen ya rasa ta inda zai raba su. Inna Asibi kuwa ba ta tambayi mutumin komai game da Bamenda ba. Ta tambaye shi sunan uwarsa, ta ba shi tsohuwar rigar Iro ya rage mata hannu, ta tsaya a kansa yana ɗinki.

Ranar Alhamis da yamma ta ce, “Rubuta arba'in da uku.”

“Me kika gani, Inna?”

“Naman da ke gefensa yake turawa gaban na kusa da shi, yana tsammanin ba a gani. Kuma da ya farke rigar ya tarar da hoton Iro a aljihu, bai ajiye shi a ƙasa ba.”

“Wannan ya isa?”

“Bai isa ba. A zamanin Iro ma bai taɓa isa ba. Rubuta.”

Jami'in ya zo ranar Juma'a da ƙarfe goma, mutum mai ƙiba da tabarau, da ƙaramin littafi a aljihun gaba. Inna Asibi ta riga shi zuwa, tana zaune a bencin ofis da mayafinta na zuwa biki, katinta a cikin tafin hannu. Kawu Mahmudu yana tsaye jikin taga yana tauna goron da ya daɗe da ƙarewa.

Sirajuddeen ya nuna wa jami'in kibiyoyin da Faransanci. Mutumin ya danna suna, ya danna sana'a, ya gyaɗa kai. Sannan ya danna mai masauki. Ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya gangara, ya sake hawa.

“Wane ne Asibi?”

“Ga ta nan.”

Ya juya ya dube ta ta saman tabarau. “Madam, otal gare ki?”

Sirajuddeen ya fassara. Ta ce a gaya masa otal ana biya, nata gidan sai dai a tafi da bokiti. Jami'in bai yi dariya ba. Ya zaɓi suna daga tsakiya, ta ba shi uwa da ƙauye da wurin aiki. Ya zaɓi wani, ta ba shi. Ya gwada ta sau shida. Sai ya bi kolon gari da yatsa, Mora, Mora, Mora, har yatsan ya tsaya.

“Bamenda. Wannan fa? Shi ma ɗan ƙanwar mijinki ne?”

Sirajuddeen ya fassara kalma bayan kalma. Ya san ba zai ƙara komai ba, ba zai rage ba.

“A'a,” ta ce. “Wannan ban san shi ba sai ranar Talata. Sunan uwarsa Lauratu. Yana kwana a shagon tela da ke ƙarƙashin benen nan, yana cin abinci a gidana. In kana nemansa, ni za ka nema.”

Jami'in ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙa hannu, ta ba shi katin. Ya ciro littafinsa, ya kwafe lambar a hankali, ya rubuta sunanta, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya mayar mata, ya karɓi mabuɗin shigarsa a 'yar takarda, ya ce zai riƙa dubawa daga ofis. Bai ce a kawo kowa ba.

Da ƙarar takalminsa ta ɓace a bene, Kawu Mahmudu ya tofar da goron ta taga. Inna Asibi ta ɗaure katin a bakin zani ta miƙe.

“Ya ja layi biyu, Inna,” Sirajuddeen ya ce.

“Na gani, ba makauniya ba ce ni. Yau Juma'a, baƙina na unguwar Bonaberi suna zuwa cin abinci bayan masallaci, ban ɗora komai ba. In ka rufe abin nan ka biyo ni, ka ga fuskokinsu.”

Ta sauka. Shafin yana nan yadda jami'in ya bar shi, sunanta a jere daga sama har ƙasa. Daga ƙarƙashin bene keken ɗinki ya fara ƙara, ya tsaya da wani babur ya wuce, sannan ya ci gaba. Sirajuddeen ya saurara har ya tabbata ya ci gaba, ya kashe kwamfutar, ya ɗauki laimar Kawun ya bi bayanta.